Babi na Tara: Binciken Injiniyoyi a kan Mota: Nagartar Inji, Daɗin Tafiya da Aukin Aiki a Masana'anta

9.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗora hannu a kan bonet ɗin motar da ta sha tafiya ya san irin zafin da ke tashi daga cikinta. Wannan zafi kuwa man fetur ne da aka saya da kuɗi, ya ƙone, amma bai tura motar ko da taku ɗaya ba. Haka nan wanda ya bi hanya mai gargada a motar haya ya san ciwon bayan da ake sauka da shi. Wanda kuma ya je sayen sabuwar mota ya ji farashinta, ya san cewa ƙera ta ba ƙaramin aiki ba ne.

Waɗannan abubuwa uku su ne manyan fagagen da injiniyoyin ƙere-ƙere suka shafe fiye da shekaru 100 suna bincike a kansu. A wannan babi za a nuna wa ɗalibi cewa dukansu yaƙi ne da asara: asarar zafi a cikin inji, asarar lafiya da natsuwar matafiyi, da asarar lokaci da kayan aiki a masana'anta. Za a kuma nuna cewa kusan duk nasarar da aka samu a wani gefe takan zo da nata farashi a wani gefen.

9.1 Manufar Babi

Ana sa ran a ƙarshen wannan babi ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar nagartar inji da dalilan da ke taƙaita ta;
(b) bayyana aikin sifirin da shokazoba a jikin mota;
(c) kwatanta tsarin aikin kamfanin Ford da na kamfanin Toyota;
(d) nuna dangantakar da ke tsakanin fagagen uku.

9.2 Nagartar Inji

Abin da ake nufi da nagartar inji shi ne yawan kason ƙarfin da ke cikin mai wanda injin ya iya mayarwa ya zama aiki. Idan aka ce nagartar wani inji kashi 30 cikin 100 ce, to, a cikin kowace lita 10 da aka zuba masa, lita 3 ce ta yi aikin juya ƙarfe. Sauran lita 7 ta tafi a matsayin zafi. A injin fetur na yau da kullum, kusan sulusin ƙarfin man yakan fita ta salansa tare da hayaƙi, wani kusan sulusin kuma ruwan lagireto ne ke kwashe shi ya watsa wa iska. A cikin abin da ya rage ma, gogayyar ƙarafa da juna tana cin nata rabo.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana a ƙera injin da ba ya asarar komai? Wani matashin injiniya Bafaranshe mai suna Sadi Carnot ya amsa wannan tambaya tun a shekarar 1824. Ya nuna cewa duk injin da ke aiki da zafi, dole ne ya karɓi zafi daga wuri mai zafi ya zubar da wani ɓangarensa a wuri mai sanyi, kamar yadda ruwa ba ya juya injin niƙa sai ya gangaro daga tudu zuwa kwari. Gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin farko da na ƙarshe, gwargwadon aikin da za a iya samu. Wato ke nan akwai iyakar da ba a ƙetarewa, aikin mai bincike shi ne ya matsa kusa da ita.

9.2.1 Matakai Huɗu na Aikin Inji

A shekarar 1876 Nikolaus Otto na ƙasar Jamus ya ƙera injin da ke aiki bisa matakai huɗu, kuma a kan wannan tsari mafi yawan injinan mota suke har yanzu:

1. Shaƙa: fistan yana sauka, bawul ya buɗe, iska da mai su shiga silinda.
2. Matsa: bawul ya rufe, fistan ya hau, ya matse iskar da man cikin ɗan ƙaramin wuri.
3. Ƙuna: filogi ya ba da tartsatsi, man ya kama da wuta, ƙarfinsa ya tura fistan ƙasa.
4. Fitarwa: fistan ya sake hawa, ya kori hayaƙi zuwa salansa.

Mataki na uku ne kaɗai ke samar da ƙarfi, amma na biyu ne ke yanke yawan ƙarfin da za a samu. Idan aka tsananta matsi kafin ƙuna, zafin yakan ƙaru, iskar kuma ta sami filin buɗewa sosai yayin da take tura fistan. Injin motar Ford Model T ta 1908 yana matse iska zuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na girmanta. Injinan fetur na wannan zamani kuwa sukan matse ta zuwa ɗaya bisa goma, wasu ma fiye da haka.

Rudolf Diesel, shi ma Bajamushe, ya bi wannan hanya har ƙarshenta. Injinsa iska zalla yake matsewa, matsi mai tsanani, har ta yi zafin da idan aka fesa mata mai zai kama da kansa ba tare da filogi ba. Injin da ya gwada a 1897 ya kai nagartar kimanin kashi 26 cikin 100, alhali injinan tururi na wancan lokaci ba su kusanci haka ba. Wannan ne dalilin da ya sa manyan motoci da jiragen ruwa suke amfani da man gas. Manyan injinan jiragen ruwa na yanzu sun haura kashi 50 cikin 100.

9.2.2 Matsalar Ƙwanƙwasa da Darasin Dalma

Injin fetur yana da cikas. Idan matsi ya yi yawa, wani ɓangare na man yakan fashe da kansa kafin harshen wutar da filogi ya kunna ya iso gare shi. Sai a ji wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma, kuma idan abin ya daɗe yakan lalata fistan. Lambar oktan da ake danganta wa fetur awo ne na juriyarsa ga wannan fashewa.

A 1921 Thomas Midgley, wani mai bincike a kamfanin General Motors na Amurka, ya gano cewa ɗigon wani sinadari mai ɗauke da dalma yana hana ƙwanƙwasar. Aka shiga zuba shi a fetur a duk duniya, injina suka ƙara ƙarfi, mai ya ƙara auki. Sai dai dalma guba ce. Tana fita ta salansa ta shiga iska da ƙasa da jinin mutane, kuma ta fi yin illa ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara. An ɗauki shekaru masu yawa ana fafutukar hana ta. Ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina sayar da irin wannan fetur na motoci, a shekarar 2021, wato shekara 100 cif bayan gano sinadarin. Wannan babban darasi ne ga duk mai bincike: wanda ya auna inji kaɗai ya manta da mutanen da ke shaƙar hayaƙinsa, garin gyaran gira yana iya rasa ido.

9.2.3 Hanyoyin da Ake Bi a Yau

Tashin farashin mai na 1973 da dokokin tsabtace iska sun ƙara wa bincike ƙaimi. Daga cikin abubuwan da aka cim ma akwai:

(i) Maye gurbin kafireta da injekta. Fetur yana ƙonewa sarai idan aka haɗa kashi 1 nasa da kimanin kashi 14.7 na iska bisa nauyi. Yanzu wata na'ura ce a bakin salansa ke auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi, ta sanar da kwamfutar motar, ita kuma ta daidaita man da ake fesawa a kowane lokaci.

(ii) Amfani da tabo. Wannan wata fanka ce da hayaƙin da ke fita yake juyawa, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda. Da haka ƙaramin inji yake yin aikin babba.

(iii) Rage gogayya ta hanyar inganta baƙin mai da goge fuskar ƙarafa.

(iv) Haɗa injin fetur da na lantarki. Motar Toyota Prius da ta fito a 1997 tana kashe injin fetur idan an tsaya, tana kuma mayar da ƙarfin da birki kan ɓarnatar ya zama cajin batir. Samfurinta na 2015 ya zo da injin da ya kai nagartar kashi 40 cikin 100.

Domin ɗalibi ya ga amfanin waɗannan alƙaluma, a ɗauki misali. Tsakanin Kano da Kaduna akwai kimanin kilomita 230. A ƙaddara wata mota tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, ke nan za ta sha lita 23. Idan aka ɗaga nagartar injinta daga kashi 30 zuwa 36, sauran abubuwa suna yadda suke, lita 19 da 'yan kai za ta ishe ta. Ragin kusan lita 4 ke nan a zuwa ɗaya. Direban da ke wannan hanya kullum ya san abin da hakan ke nufi ga cefanen gidansa.

Wajibi ne kuma awo ya kasance na gaskiya. A 2015 hukumomin Amurka sun gano cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa masu amfani da man gas wata manhaja da ke gane lokacin gwaji, sai ta rage gurɓataccen hayaƙi, idan an hau titi kuma ta sake shi. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11.

9.3 Daɗin Tafiya

Mutane da yawa suna ɗaukar daɗin mota a matsayin alatu, amma likitoci da injiniyoyi suna kallonsa ta fuskar lafiya. Jijjigar da ke ratsa jiki na tsawon shekaru tana da alaƙa da ciwon ƙugu da direbobin manyan motoci da na tarakta ke fama da shi. Direban da ya gaji kuwa hatsari ne ga kansa da fasinjojinsa.

Bincike ya nuna cewa jikin mutum ba ya jin kowace jijjiga daidai da 'yar'uwarta. Wanda ke zaune ya fi cutuwa da jijjigar sama da ƙasa mai maimaituwa sau 4 zuwa 8 a sakan ɗaya, domin a nan ne gangar jiki da kayan ciki suke amsa ta. Lilo mai nawa ƙwarai, wanda bai kai sau ɗaya a sakan biyu ba, shi ke kawo jiri da tashin zuciya, irin na jirgin ruwa. Saboda haka injiniyoyi sukan tsara ƙaramar mota yadda bodinta zai yi lilo kimanin sau 1 zuwa ɗaya da rabi a sakan, tsakanin waɗannan iyakoki biyu.

9.3.1 Taya, Sifirin da Shokazoba

Abubuwa uku ne ke tsakanin titi da kujerar fasinja. Na farko taya. John Dunlop ya fito da tayar keke mai iska a 1888, daga baya aka kai ta ga mota. Iskar da ke ciki ita ke shanye ƙananan duwatsu da tsagar kwalta. Na biyu sifirin, wanda ke lanƙwashewa idan taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, don kada bugun ya isa bodi gaba ɗaya. Amma sifirin shi kaɗai ba ya tsayawa, sai ya yi ta lilo. A nan na uku yake shigowa, wato shokazoba. Bututu ne mai mai a ciki, wanda motsin mota ke tilasta wa man ya bi ta wasu ƙananan huji. Wannan turjiya ita ke kashe lilon, ta mayar da shi zafi. Shokazobar da ta mutu tana sa taya ta riƙa tsalle tana rabuwa da titi, birki kuma ba ya kama tayar da ke sama.

Matsalar da mai ƙira ke fuskanta ita ce: sifirin mai laushi yana da daɗi a miƙaƙƙiyar hanya, amma mota takan karkata a kwana. Mai tauri yana riƙe mota a kwana, amma yana dukan baya. Maurice Olley, wani injiniya Baturen Ingila da ya koma General Motors a 1930, ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kan wannan. Ya gano cewa idan lilon gaban mota ya ɗan fi na baya nawa, motar takan tashi ta sauka a daidaice bayan ta haye tudu, maimakon ta riƙa sunkuyawa gaba da baya. Har yau ana amfani da wannan ƙa'ida.

Kowace ƙira tana bin hanyar da aka yi ta dominta. Kamfanin Citroën na Faransa ya fito da ƙaramar motarsa 2CV a 1948 domin manoman karkara, kuma cikin sharuɗɗan da aka gindaya wa masu ƙirarta akwai cewa ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da sun fashe ba. Haka nan Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, tana da tsayi daga ƙasa da sifirin mai doguwar tafiya. Ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, kuma a wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Juriyarta ga ramuka da gargada na cikin abin da ya sa ta daɗe tana cin kasuwar tashoshin mota a ƙasar Hausa.

Ƙara ma tana cikin abin da ake aunawa. A ƙaramin gudu ƙarar inji ce ta fi damun na ciki, idan gudu ya yi yawa kuma ta taya da ta iska su rinjaye ta. Ana magance wannan da roba a mazaunin inji da shimfiɗu masu shanye sauti a cikin bodi.

9.4 Aukin Aiki a Masana'anta

Aukin aiki shi ne yawan kayan da aka samar idan aka gwada da lokaci da ma'aikata da kayan da aka kashe. Inji mai nagarta da kujera mai daɗi ba su da amfani ga talaka matuƙar kuɗin motar ya fi ƙarfinsa.

9.4.1 Tsarin Ford

Da farko mota a tsaye take wuri ɗaya, ma'aikata suna kai da komo suna ɗauko kayan haɗa ta. A 1913, a masana'antarsa ta Highland Park kusa da birnin Detroit, Henry Ford ya juya lamarin: ma'aikaci ya tsaya, aiki ya zo ya same shi a kan layi mai tafiya. Aka rarraba aikin ƙanana-ƙanana, kowa da abu ɗaya da yake maimaitawa, aka kuma tabbatar kowane ƙarfe ya fito da awo ɗaya don kada a tsaya gyara. Lokacin haɗa shasin mota ya sauko daga kimanin awa 12 da rabi zuwa minti 93. Farashin Model T ya faɗo daga kimanin dala 850 a farkon fitowarta zuwa dala 260 a 1925, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi fiye da miliyan 15.

Sai dai ma'aikata sun ƙi jinin aikin saboda gundura da gajiya. A 1913 sai da kamfanin ya ɗauki fiye da mutum 50,000 domin ya riƙe guraben aiki kimanin 14,000, saboda yawan masu ajiye aiki. A watan Janairun 1914 Ford ya ninka lada zuwa dala 5 a yini, ya kuma rage awannin aiki daga 9 zuwa 8.

9.4.2 Tsarin Toyota

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Toyota na Japan ba shi da jari ko kasuwa irin ta Ford. Injiniyansa Taiichi Ohno ya mai da hankali ga gano ɓarna a duk inda ta ɓuya: jira, tara kaya a sito, yawan zirga-zirga, ƙera abin da ba a nema ba, da gyaran kuskure. Tsarinsa ya tsaya a kan ginshiƙai biyu. Na farko, kada a ƙera wani ɓangare sai sashen da ke gaba ya aiko da katin neman sa. Na biyu, kowane ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya nemi a tsayar da layi idan ya ga aibi, domin a gyara tun ran gini tun ran zane. Wannan tunani ya samo asali daga injin saƙa na Sakichi Toyoda, wanda ke tsayawa da kansa idan zare ya tsinke.

An gwada tsarin a wajen Japan. General Motors ya rufe masana'antarsa ta Fremont a jihar Kalifoniya a 1982, bayan ta yi ƙaurin suna wajen rashin ingancin aiki. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, kuma akasarin ma'aikatan tsofaffin ne aka dawo da su. Cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun mafi inganci a kamfanin. Mutanen ba su canja ba, tsarin aikin ne ya canja.

Masana'antun harhaɗa motoci da aka kafa a Kaduna da Kano da Bauchi a shekarun 1970 sun nuna wani gefen lamarin. Yawancin kayan haɗinsu daga waje ake shigo da su. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan suka yi tsada, motoci 'yan Kwatano kuma suka cika kasuwa, sai aikinsu ya ja baya matuƙa. Aukin aiki yana buƙatar masu ƙera kayan haɗi a kusa, da wutar lantarki tsayayya, da kasuwa mai faɗi.

9.5 Dangantakar Fagagen Uku

Injiniya ba ya warware ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ba tare da ya taɓa sauran ba. Shimfiɗun hana ƙara suna ƙara wa mota nauyi, nauyi kuma yana ƙara shan mai. Na'urar sanyaya mota daga inji take jan ƙarfinta. Injin gas ya fi tattalin mai, amma ya fi ƙara da jijjiga. Injin da ke matsi sosai yana buƙatar ƙarafan da aka yanka da awo na ƙwarai, wanda sai masana'anta mai tsari ce za ta iya yin dubbansu iri ɗaya a farashi mai sauƙi. Ke nan kowace mota da ke kan titi sulhu ce da aka ƙulla tsakanin waɗannan buƙatu.

9.6 Shawara ga Malami

Malami zai iya kusanto da wannan darasi ga ɗalibansa da kayan da ke kusa. Idan aka toshe bakin famfon keke da yatsa aka matsa shi sau da yawa, gindinsa zai yi zafi, wannan ya nuna yadda matsi ke haifar da zafi a injin gas. Haka kuma ana iya raba aji gida biyu su naɗe ambulan na takarda: a rukuni ɗaya kowa ya yi nasa daga farko har ƙarshe, a ɗayan kuma a rarraba aikin a jere. Bayan minti 10 a ƙirga abin da kowane rukuni ya yi da waɗanda suka lalace, a kuma tambayi yaran wane aiki ya fi gundurarsu. Ziyarar garejin bakanike za ta ba su damar ganin fistan da shokazoba da idonsu, su kuma ji sunayen da masu sana'ar ke kiran su da su.

9.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa inji yana da iyakar da Carnot ya bayyana, kuma bincike ya ɗaga nagartarsa sannu a hankali ta hanyar ƙara matsi da daidaita mai da rage gogayya. An ga cewa daɗin tafiya abu ne da ake aunawa bisa yadda jikin mutum ke amsa jijjiga. An kuma ga yadda Ford da Toyota suka rage asarar lokaci da kaya ta hanyoyi mabambanta. Labarin dalma da na ma'aikatan Ford sun nuna cewa lissafin mai bincike bai cika ba sai ya sa mutum a cikinsa.

9.8 Tambayoyi

1. Mece ce nagartar inji? Bayyana hanyoyi uku da ƙarfin mai ke salwanta.
2. Kawo matakai huɗu na aikin inji, sannan ka nuna bambancin injin fetur da na gas.
3. Wata mota tana shan lita 30 a wata tafiya da inji mai nagartar kashi 25 cikin 100. Lita nawa za ta sha idan nagartar ta kai kashi 30?
4. Me ya sa sifirin ba ya wadatarwa sai da shokazoba?
5. Kwatanta matsayin ma'aikaci a tsarin Ford da matsayinsa a tsarin Toyota.
6. Tsara darasin minti 40 da za ka koyar da ɗaliban ƙaramar sakandare sashe na 9.2.1.